Hular Kwano: Don Jami'i Muke Sa Ta, Ko Don Kwalta?

Ranar 1 ga Janairun 2009 ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa masu babur da fasinjojinsu sanya hular kwano a faɗin Najeriya. Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna abin da ya biyo baya. Cikin 'yan kwanaki farashin hula ya yi tashin gwauron zabo. A nan Kaduna 'yan acaba suka yi jerin gwano a kan tituna suna kukan tsada, a Kano kuwa aka riƙa kama masu kifa ƙwarya a ka su ɗaure da igiya. Gidajen rediyon waje suka ɗauki labarin, duniya ta sha dariya, bayan ɗan lokaci kamen ya yi sanyi, kowa ya koma gidan jiya.

Dariyar ta wuce, amma tunanin da ya haifi ƙwaryar yana nan daram. A wajen mai ƙwarya, aikin hula shi ne ta shiga tsakanin aljihunsa da jami'i, kwalta ba ta cikin lissafinsa. Shi kuma jami'i daga nesa yake hange: akwai wani abu a kan mutumin nan ko babu? In akwai, Allah ya kiyaye hanya. Kasuwa kuwa abin da ake nema shi take kawowa. Da ta ga ana son abu mai siffar hula a kuɗi kaɗan, sai ta cika rumfuna da shi. Duk ranar da labari ya zaga cewa 'yan Kastelia, masu kula da dokokin hanya na jihar Kaduna, ko 'yan Rod Sefti sun fito kamen hula, ka tsaya a gindin gadar Kawo ko bakin Kasuwar Barci ka kalli kawunan da ke wucewa. Za ka ga hular leburorin gini mai ruwan ɗorawa. Za ka ga wata 'yar roba mai baki irin na hana-salla, wadda in ka matse ta da hannu biyu sai ta lanƙwashe. Ga mai hula ta gaske amma ya tura ta ƙeya, goshi a waje, igiya na reto a iska. Ga wanda ya rataya tasa a gwiwar hannu, sai ya hango masu kaki ya kifa. Dukansu sun tsallake tara. Waɗanda za su tsallake in kai ya daki bakin kwalbati kuwa, ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Yawancinmu mun ɗauka haɗarin duka yana cikin fashewar ƙoƙon kai, don haka maganinsa a ɗora wani ƙoƙon mai tauri a kan wanda Allah ya halitta. Fashewar ƙashi babbar matsala ce, amma abin da ya fi kashe mutane, ko ya bar su a kwance sai an kwantar an tayar, shi ne abin da ya sami ƙwaƙwalwa daga ciki. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, laushinta kamar na awara ne kafin ta shiga mai, kuma tana zaune ne cikin wani ɗan ruwa a cikin ƙoƙon. Idan kai na tafe da gudu ya tsaya cak, ƙashi ya tsaya, ita ba ta tsaya ba. Sai ta bugi bangon ƙoƙon daga ciki, ta dawo ta bugi ɗaya gefen, ta murɗe, ƙananan jijiyoyin jini su tsinke. Shi ya sa ake kai mutum asibiti ko ƙwarzane babu a kansa, amma bai san inda yake ba.

Kuma ba sai ana gudun fitar hankali ba. Wanda ke zaune a kan Boxer, kansa na kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Ko babur ɗin a tsaye yake, in mutum ya faɗo kai ya fara sauka, gudun da kan zai isa ƙasa da shi ya kusa kilomita 20 a sa'a. Wannan kaɗai ya isa ya fasa ƙashi ko ya tara jini. Don haka zancen "ai nan kusa ne, masallaci kawai zan je" bai da tushe, tsayin da za a faɗo daga gare shi ɗaya ne ko Zariya za ka ko bakin layi. Gudun babur shi ke ƙara sauran: yadda za a ja jiki a kwalta, da ƙarfin da za a daki abin da ke tsaye a gaba, dakalin tsakiyar titi ne, sandar fitila ce ko bayan tirela. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugun huɗu yake ninkawa. Sababbin titunan da aka shimfiɗa a garin nan daga 2019 sun rage ramuka, mun gode Allah, sai dai santsinsu na jan hannu ya ƙara wuta, kuma sun zo da dakalin kankare mai kaifin baki da magudanan ruwa masu zurfi a gefe.

Aikin hula ta gaske shi ne ta ba kai wurin tsayawa a hankali. Kan da ba hula yana tsayawa cikin 'yan milimita, iya abin da fata da ƙashi suka lotsa. Kan da ke cikin hula mai kyau yana tsayawa cikin santimita biyu zuwa uku. A ido ba wani bambanci ba ne, amma in nisan tsayawa ya ninka goma, ƙarfin da zai isa ƙwaƙwalwa ya ragu kusan sau goma. Abin da ke ba da wannan nisa ba ƙyallin waje ba ne. Ka juya hula ka ɗaga yadin ciki, za ka tarar da wani farin soso mai tauri, irin wanda ake tallafe sabon firji ko talabijin da shi a cikin kwali, wanda yara ke marmasawa ya zama ƙwayoyi, sai dai na hula ya fi wancan dunƙulewa. Sunansa polistirin. Idan kai ya buge shi, ƙananan ƙwayoyin iskar da ke cikinsa suna murƙushewa ɗaya bayan ɗaya, suna shanye ƙarfin. Ɓawon waje nasa aikin ya baza bugun a faɗin farin soson, ya hana tsini hudawa, ya kuma sa kai ya zame a kwalta maimakon ya maƙale wuya ya murɗe. Lallausan soson da ke taɓa fata kuwa na jin daɗi ne da shan gumi, ba ya tare komai.

To hular leburan gini fa? An yi ta ne don bulo ko guduma da za ta faɗo daga bene ta sami tsakiyar kai. Ba farin soso a cikinta, 'yan igiyoyi ne ke ɗaga ta daga kai, ba ta rufe ƙeya, ba ta rufe gefen kai saman kunne, inda ƙashi ya fi ko'ina sirantaka kuma wata jijiyar jini ke bi ta ƙarƙashinsa. A wurin gini tana da rana. A kan babur kallon kitse ake yi wa rogo.

Wannan ilimi ba jiya aka fara tara shi ba. A 1935 wani shahararren sojan Ingila, T. E. Lawrence, ya faɗi da babur ya rasu bayan 'yan kwanaki sakamakon rauni a ka. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya dukufa kan binciken sojojin da ke mutuwa a kan babur, har a 1941 rundunar sojan Birtaniya ta wajabta wa masu hawa babur ɗinta hula. Daga baya aka tattara binciken ƙasashe da yawa aka auna, sakamakon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ambata shi ne hula na rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, tana rage haɗarin rauni a ka da kimanin kashi 69 cikin 100. A lura, kashi 42 aka ce, ba a ce 100 ba. Gwajin da ake yi wa huluna a Turai, ana sako su ne da ƙarfen da ya yi siffar kai a ciki su daki maƙera da gudun kilomita 27 a sa'a, wato kwatankwacin faɗowa daga tsayin kusan mita uku, sabon ma'aunin ya ƙara wasu gwaje-gwajen sama da ƙasa da haka kaɗan. Wanda ya zuba wuta a titin Baifas ya yi gaba da gaba da tirela, babu hular da aka ƙera dominsa.

Sai igiya, wadda a ganina ita ce inda aka fi yin asara a banza, domin wanda ya bar ta a sake ya riga ya kashe kuɗinsa ya sayi hular, saura daƙiƙa biyar ɗin ɗaurewa ya gagare shi. Haɗarin babur yawanci bugu biyu ne. Na farko babur ya daki mota ko akuya ko rami, mutum ya tashi sama. Na biyu kai ya sauka. A tsakanin biyun nan ne hular da ba a ɗaure ba take yin nata wuri, ta tafi gabas mai ita ya tafi yamma, sai ka ga an tsinto ta lafiya lau a tsallaken titi ana mamakin ingancinta. Wasu suna ɗaure igiyar amma su bar ta da faɗin da hannu zai shige, wasu su ɗora ta a kan haɓa maimakon ƙarƙashin muƙamuƙi, wasu ma sun zagaya da ita ta baya sun ƙulle don kada ta dame su. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ka ɗaure, kada abin da ya wuce yatsu biyu ya shiga tsakanin igiyar da fatarka. Sannan ka sa hannu a ƙeyar hular ka jawo ta sama zuwa gaba da ƙarfi. In ta zame ta rufe maka ido ko ta fita, to a haɗari ma haka za ta yi.

Girman hula ma haka. Mun saba sayen kaya da ɗan sarari, takalmi ne ko riga, amma a hula sarari illa ne, don kai zai yi gudu a cikin sararin kafin ya sami soso. A karɓi awon tela a zagaya kai ta saman gira kaɗan da saman kunnuwa. A yawancin kamfanoni santimita 57 zuwa 58 shi ne matsakaici, 59 zuwa 60 babba. Sabuwar hula ta dace ta kama kumatu, in ka girgiza kai fatar goshi ta bi ta, amma kada ta yi maka ciwo a wuri guda. Tana ɗan saki bayan an sha sawa. Masu cusa wayar salula tsakanin kunne da hula suna buɗa ta ne a hankali, ban da cewa sun ajiye abu mai tauri daidai inda ƙashin ya fi rauni. Haka mai kifa ta a kan zanna bukar ko kube: hular kwanon ta ɗage sama ta bar wuraren da aka yi ta dominsu. Na san abin da nauyi, mutum ya sha shadda zai je ɗaurin aure a ce ya cire hula. A naɗe ta a jaka a sa in an isa, ƙarin guga ba ya karyewa don tafiyar rabin sa'a.

A kasuwa yaya za a bambance? Hular da ta ci gwajin Turai tana da ɗan ƙyalle da aka ɗinka a jikin igiya, da da'ira mai harafin E da lambar ƙasar da ta amince da ita, 1 Jamus, 2 Faransa, 3 Italiya, sannan doguwar lamba mai farawa da 05 ko 06. Ta Amurka tana da tambarin DOT a ƙeya, sai dai a tsarinsu kamfani ne da kansa ke shaidar cewa kayansa sun cika ƙa'ida, hukuma ta biyo baya da binciken wasu. Ta Indiya tana ɗauke da tambarin ISI. Matsalar ita ce sitika ba ta da wuyar bugawa, duk mai injin buga katin biki zai iya. Don haka hannu ya fi ido amfani a nan. Hula mai rufe fuska duka in ta gaske ce takan kai kilo ɗaya da 'yan kai zuwa ɗaya da rabi, wadda ka ɗaga ka ji kamar ba komai a hannunka, ajiye ta. Ɗaga yadin ciki ka ga farin soson da idonka, kaurinsa kada ya gaza santimita biyu da rabi, ka danna da babban yatsa ka ji ya ƙi lotsawa. Ka duba inda igiya ta haɗu da ɓawo, ƙusar ƙarfe ce aka dasa ko ɗan maɓallin roba. Ka ja igiyar da ƙarfi a gaban mai shago. In ya ce, "Haba Alhaji, za ka tsinka min kaya," ya riga ya ba ka amsa.

Game da siffa, mai rufe haɓa ta fi. Wani bincike da aka yi kan haɗurran babur a yankin Hanoba ta Jamus ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na bugun da huluna ke sha a wajen haɓa yake sauka, abin da ba zai ba wanda ya taɓa ganin mai babur ya kife ta fuska mamaki ba. Amma ban ga laifin wanda ya ce a zafin Maris da Afrilu ba zai iya wuni cikin rufaffiyar hula yana jigila daga Rigasa zuwa Kasuwa ba. Ga kuma halin da muka shiga na tsaro, inda mai rufe fuska a kan babur ke sa mutane ɗar-ɗar, a shingen bincike ma sai an ce ya buɗe. Wanda ba zai jure ba, ya nemi mai buɗaɗɗiyar fuska wadda ta rufe kunnuwa da ƙeya, mai farin soso na gaske, fara ko mai haske don ta rage shan rana kuma direbobi su hango shi da dare. Hular da za a sa kullum a ɗaure ta fi ta alfarmar da za ta wuni a rataye. Zancen cewa hula na toshe gani kuwa, ƙa'idar ƙera ta ta wajabta a bar buɗaɗɗen da ido zai ga digiri 105 ta kowane gefe, kuma bincike bai nuna tana ƙara karayar wuya ba kamar yadda ake yaɗawa a majalisu.

Kula da ita ya fi saye wuya, saboda abokan gabanta su ne abokan zaman ɗan acaba na kullum. Na farko fetur. Masu facin bokiti da rufin kwano sun san sirrin: a jefa farin soson nan cikin fetur, nan take ya narke ya zama danƙo. To abin da ke cikin hularka ke nan. Mai kifa hula a kan tanki, bakinta a saitin murfi, tururin mai na shiga cikinta yini guda. Mai tsayawa wajen 'yan bumburutu ya riƙe hula a hannu ana tsiyaya masa daga galan, ɗigo kaɗan ya isa ya ci rami a ciki, yadin ya rufe, ba wanda ya gani. Fenti da tina da man goge-goge masu ƙarfi su kuma ɓawon suke ci, su sa robar ta yi gautsi, don haka mai son ya fesa wa hularsa launin ƙungiyar ƙwallonsa ya haƙura. Na biyu zafi. Wadda aka ɗaure a baya tana lilo kusa da salansa, da wadda ke kwana ta wuni a rana a kan babur wata da watanni, duk suna tsufa kafin lokacinsu. Na uku madubi. Rataya hula a kan madubi ya zama al'ada, amma bakin madubin yana nutsewa cikin soson a wuri guda kullum, daidai tsakiyar kai. Zama a kanta a tashar jiran fasinja, ko mayar da ita kwandon cefane, ba sai an yi dogon bayani ba.

Gilashin gaba shi kuma hunturu ke kashe shi. Ƙura ta kwanta, mutum ya sa gefen riga ya goge a bushe, ƙurar nan kuwa yashi ce mai laushi, kowace shafa tana barin zane. Da rana ba a damuwa. Da dare, fitilar motar da ke tahowa ta faɗa kan zanen nan ta tarwatse, sai ka koma tuƙi da ƙiyasi. A zuba ruwa ya wanke ƙurar tukuna, sannan a bi da tsumma mai laushi. Baƙin gilashi na rana ne, bayan magariba a ɗaga shi ko a canza. Yadin ciki kuma, in mai cirewa ne a cire a wanke da sabulu mara ƙarfi, in ba mai cirewa ba ne a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a shanya a inuwa inda iska ke bi, ban da kusa da murhu.

Abin da ya fi wuyar karɓa ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne hula sau ɗaya take aiki. Ƙwayoyin soson da suka murƙushe ba sa tashi. Ɓawon waje na iya komawa yadda yake, ya yi ƙyalli kamar sabo, alhali wurin da ya sha bugun ya mutu. Wadda aka yi haɗari da kai a cikinta ta gama aikinta. Wadda ta suɓuce daga kan sirdi ba kai a ciki, galibi ba ta lalace ba, amma a duba tsagewa. Ko ba haɗari, masu ƙera ta na ba da shawarar canji bayan kimanin shekara biyar ana amfani, saboda gumi da man kai da rana. A nan ne hular gwanjo ke da haɗari. Takan zo da sunan babban kamfani, ta fi sabuwar jabu kyan gani nesa ba kusa ba, amma ba ka san abin da ya sa mai ita na farko ya rabu da ita ba. In dole ce ta sa, a cire yadin gaba ɗaya a bi soson da yatsa ana neman lotsawa ko tsaga, a nemi takardar shekarar ƙira da ake liƙawa a ciki.

Fasinja fa? Dokar hanya ta haɗa da shi, kuma sau da yawa shi ya fi shan wuya don bai riƙe komai ba, bai kuma ga abin da ke tafe ba. Tun 2009 mutane suka ƙi hular haya, wasu don tsoron makero da ƙwarƙwata da amosanin wani, wasu don jita-jitar cewa ana sa asiri a ciki a sace mutum. Ta biyun ba ta da hujja, ta farkon kuwa gaskiya ce, ba wanda zai so ya kifa gumin mutum talatin a kansa. Mata sun fi samun sauƙi ta nan tunda hijabi ya raba fata da hula, sai dai ɗaurin gwaggwaro da tulin gashi a ƙeya ba sa barin ta zauna. A Kigali ta Ruwanda ɗan acaba da hula biyu yake yawo, fasinja ba ya hawa sai ya sa, abin ya zama jiki. Can ɗan acaba yana da rajista da lamba, an san shi. Mu a nan, a watan Mayun 2014 gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta haramta acaba a birnin Kaduna da wasu garuruwa, a ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta dakatar da hawa babur gaba ɗaya na wani lokaci saboda 'yan bindiga, kuma duk mazaunin garin ya san babur bai tafi ko'ina ba, tun bayan cire tallafin mai a 2023 ma masu mota da yawa suka ajiye suka koma kansa. Sana'ar da ake lilo da ita tsakanin haramci da kau da kai, da wuya a zauna da masu ita a yi maganar ingancin hula. Ɗan acaban da ke tunanin balas ɗin da zai kai wa mai mashin da yamma, yana kuma tsoron a ƙwace mashin ɗin gobe, ba zai zuba kuɗin kwana da kwanaki a hula biyu ba.

Biyetnam ta bi irin hanyarmu da ƙarfin da ya fi namu. A Disamban 2007 ta wajabta hula, kusan kowa ya sa cikin ɗan lokaci, sai kasuwa ta cika da 'yan robobi marasa soso, aka koma yaƙi da jabu shekara da shekaru. Kame a titi yana sa a kifa wani abu a ka, amma ingancin abin a tashar jiragen ruwa da rumfar dila ake tsare shi, wanda aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ne da jami'an kwastan. Muddin jabu na shigowa ana sayar da ita a fili da rabin kuɗin ta gaske ko ƙasa da haka, mai ta gaske ba zai yi ciniki ba, kuma kama talaka da ya sayi abin da ya tarar a kasuwa ba zai gyara komai ba. Ƙungiyoyin 'yan acaba da ke karɓar kuɗin tikiti kullum, da dilolin da ke ba da mashin biya kaɗan-kaɗan, su ne suka fi kowa damar saro huluna masu kyau da yawa a sa kuɗin cikin biyan. Hular yara ma sai an tashi nemanta da gaske kafin a samu, alhali kowace safiya ga uba nan da 'yan makaranta uku, ƙaramin a kan tanki, shi ne kuma zai fara isa ƙasa. Kifa wa yaro hular babba ba ta da amfani, kansa zai fice daga ciki.

Akwai masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in ajali ya yi hula ba ta hanawa. Haka ne. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kwalkwali a kansa ya fita yaƙin Uhudu, har aka fasa shi a kansa, da kwalkwali kuma ya shiga Makka ranar da aka buɗe ta. Ba wanda ya kai shi tawakkali. Sannan ba kowane faɗuwa ke zuwa da ajali ba, da yawa rayuwa ake yi bayansa, tambayar ita ce a wane hali: mutum ya koma sana'arsa, ko ya manta sunan 'ya'yansa, iyali su sayar da fili suna zarya tsakanin asibitin Barau Dikko da na Shika.

In haɗarin ya auku, jama'armu akwai saurin kai ɗauki, sai dai abu na farko da hannu ke kaiwa gare shi shi ne fizge hular don mutum ya sha iska. Wanda ya bugu a ka ana ɗaukarsa a matsayin mai rauni a wuya har sai likita ya ce babu, kuma fizgar nan na iya ƙarasa lakar da ta tsira. In yana numfashi, a ɗaga gilashi kawai, wani ya durƙusa ya riƙe kan da hannu biyu kada ya motsa, a kira 122 ta jami'an kiyaye haɗurra ko 112. Ba a cire hula sai in ba ya numfashi ko amai na shaƙe shi, shi ma mutum biyu, ɗaya ya tallafe wuya da muƙamuƙi, ɗaya ya buɗa gefen hular ya zare a hankali. Kada a ɗura masa ruwa, kada a naɗe shi a cusa a Keke kai na lilo. Wanda kuma ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce ba komai, a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu, don akwai zubar jinin da ke taruwa a hankali, mutum ya yi hira lafiya sannan ya faɗi. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, barcin da ba a iya tashinsa, rikicewar magana, jijjiga, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, kowanne daga ciki asibiti ne nan take, ba kemis ba, ba mai ɗori ba. A tafi da hular, inda ta lotsa yana nuna wa likita inda zai duba. In an dawo da ita gida, a sa almakashi a yanke igiyar kafin a jefar, in ba haka ba 'yan gwangwan za su tsince ta, bayan sati ka gan ta an goge an rataye a rumfa.